Ciwon gwiwar hannu da ya ƙi tafiya: allura, kine ko jira?

Duk wanda ya taɓa kai kukan gwiwar hannu asibiti a Garwa, Marwa, Ngaundere ko Injamena, mai yiwuwa ya fito da takarda ɗauke da wata doguwar kalmar Faransanci, épicondylite, a ƙarƙashinta kuma an rubuta zaman kine, wato tausa da atisaye a hannun ƙwararren asibiti, goma ko fiye. Sai ka ga mutum ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya takardar, domin shi allurar kortizon mai kwantar da kumburi ya zo nema, irin wadda aka yi wa maƙwabcinsa bara, ciwo ya ɗauke cikin kwana uku. Wani likitan har gobe yana yin allurar, wani kuwa ko ka roƙe shi ba zai yi ba. Mai kemis na unguwa yana da nasa ra'ayin, wanzami ma da nasa.

Ana cikin haka, a 2024 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitanci daga ƙasashe ta tace shi, ta ƙara dagula lissafin. Ta haɗa gwaje-gwajen da aka yi kan tausar ƙwararru da atisaye a wannan ciwo, ta ce suna iya ɗan rage zafi zuwa lokacin da aka gama zaman, amma ragin ba shi da yawa, kuma ba a ga ya ɗore ba. Tambayar da ta rage ta mahauci ce da tela da mai kilando, wato mai haya da mashin, waɗanda hannu ne jarinsu: idan allura tana da illa, kamar yadda za a gani a gaba, kine kuma amfaninsa bai taka kara ya karya ba, ina za a dosa?

Inda ciwon yake

Miƙe hannunka, tafin yana kallon ƙasa, ka shafa gefen gwiwar ta waje. Za ka ji wani ɗan tudun ƙashi. A kan wannan tudun ne tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu da miƙe yatsu suka taru suka kama. Abin da ya ɗaure su da ƙashin wata farar igiya ce mai tauri, irin wadda mahauci ke yayewa daga nama. Hausa tana ce mata jijiya, kuma daga nan ruɗani ke farawa, domin da wannan kalma ɗaya muke kiran hanyar jini, da ita kuma muke kiran zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Shi ya sa idan an ce wa dattijo "jijiya ce", hankalinsa kan tafi ga hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki. A wannan rubutu, duk inda aka ce jijiya, igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi ake nufi.

Duk lokacin da ka damƙi abu, waɗannan tsokoki na bayan hannu ne ke tokare wuyan hannun don kada ya lanƙwashe. Ke nan aikin damƙa a tafi yake, amma nauyinsa a gwiwa yake sauka. Shi ya sa mai wannan ciwo yakan fara lura da shi a ƙananan abubuwa: ya ɗauki buta zai yi alwala ya ji kamar an soka masa tsinke, ya ɗaga tukunyar shayi zai tsiyaya daga sama hannu ya ƙi, ko a yi musabaha bayan sallar Juma'a wani mai ƙarfin damƙa ya sa shi cije baki. Matse wanki, murɗa makulli, buɗe murfin kwalba, duk suna tayar da shi, zafin kuma kan gangara zuwa wuyan hannu. Mafi yawanci babu kumburin da ido zai gani, gwiwar tana lanƙwashewa tana miƙewa lafiya lau, hoton ƙashi kuma ba ya nuna komai. Likita da hannu yake gane shi: ya danna tudun, sannan ya ce ka ɗaga wuyan hannu ko yatsan tsakiya shi kuma yana dannewa. Hoton eko, irin wanda ake yi wa masu ciki, yana iya nuna jijiyar ta yi kauri, amma ba dole ba ne kafin a fara magani.

Wani likitan Jamus mai suna Runge ne ya fara bayyana ciwon a 1873, a tsakanin masu yawan rubutu. Bayan shekara goma likitocin Ingila suka laƙaba masa sunan wasan tanis, sunan kuma ya bi shi har yau, alhali 'yan tanis ƙalilan ne ƙwarai cikin masu fama da shi. Ana ƙiyasta yana kama mutum 1 zuwa 3 cikin manya 100, ya fi yawa tsakanin shekara 35 da 55, kuma hannun da mutum ya fi aiki da shi yake zaɓa.

Sunan da ya karkatar da magani

Wutsiyar kalmar épicondylite, wato -ite, a yaren likitoci tana nufin kumburi. An daɗe ana ɗaukar ciwon a haka, magani kuma ya bi suna: hutu, ƙanƙara, ƙwayoyin rage kumburi, allurar kortizon. Daga ƙarshen shekarun 1970, likitan fiɗa na Amurka Robert Nirschl da wasu bayansa suka riƙa duba naman da suke cirewa daga gwiwar masu daɗaɗɗen ciwo a ƙarƙashin madubin likita. Abin da suka tarar jijiya ce da zarenta ya hargitse, ƙananan hanyoyin jini sun tsiro a cikinta barkatai, ƙwayoyin halitta masu kawo kumburi kuwa kusan babu. Ta fi kama da igiyar guga da ta sha ja a bakin rijiya har ta fara sulɓewa. Aikin da ake ɗora wa jijiyar ne ya fi ƙarfin gyaran da jiki ke yi mata, wata da watanni.

Idan ciwon ya haura wata uku, ana lissafa shi cikin daɗaɗɗe. A wannan matakin akan sami ƙari biyu. Tsokar ta raunana saboda mutum yana ta kaffa-kaffa da hannun, sannan jiki ya ƙara saurin jin zafi a wurin, ta yadda ɗan abu kaɗan ke tayar da shi.

Akwai kuma wata gaskiya da ke ƙarƙashin duk muhawarar: mutum 8 zuwa 9 cikin 10 suna samun sauƙi cikin shekara guda, ko an yi musu wani abu ko ba a yi ba. Wannan ne ya sa kowane mai magani yake da shaidu na gaskiya. Wanda aka je wurinsa a wata na goma shi ke kwashe yabon, ko da ruwan ɗumi ya shafa.

Su waye 'yan tanis ɗinmu

Wani nazari da masana na ƙasar Holan suka wallafa a 2009 ya ware ayyukan da suka fi tafiya da wannan ciwo: riƙe kayan aiki mai nauyin fiye da kilo 1, ɗaga kaya mai fiye da kilo 20 aƙalla sau 10 a rana, da maimaita motsin hannu iri ɗaya fiye da awa 2 a rana. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce cif, ban da nauyin robar. Mai turin ruwa a Kusiri ko Marwa yakan wuce wannan ma'auni kafin hantsi.

Haka mahaucin da ke sara da barandami a babbar kasuwar Garwa, da mai kilishi da ke shafe wuni yana feɗe nama sala-sala, da dukawan Marwa masu jan fata da huda ta da basilla, da telan da almakashi ba ya barin hannunsa a goman ƙarshe na azumi. Mai kilando yana murɗa wuta da hannun dama, yana damƙe da kan mashin a kan hanya mai gargada. A filayen laka na Diyamare da ake kira karal, lokacin dashen muskuwari, dawar rani da ake ce wa berbere a Cadi, manomi yana ɗaga ƙaton sanda mai bakin ƙarfe yana nausa wa ƙasa mai tauri, rami bayan rami har dubbai, cikin 'yan makonni. Irin wannan aikin da ke zuwa gaba ɗaya bayan hannu ya kwana biyu bai yi shi ba, ya fi cutar da jijiya a kan aikin da aka saba kullum.

Shan taba yana cikin abubuwan da bincike ya danganta da ciwon, masu ciwon suga ma jijiyoyinsu sun fi saurin lalacewa da jinkirin warkewa. Akwai kuma maganin nan siprofloksasin da ake yawan sha da sunan taifot: shi da danginsa suna ɗauke da gargaɗin cewa suna iya raunana jijiya, musamman ta agara, musamman ga tsofaffi da masu shan kortizon. Wanda ciwonsa ya tashi yana kan shansa, ya faɗa wa likita.

Abin da alƙaluma suka nuna

Manyan gwaje-gwaje uku ne suka juya ra'ayin likitoci, kuma ya kamata a duba su da kyau, domin kowane ɓangare yana da abin kamawa a cikinsu.

Na farko a Holan aka yi shi, aka wallafa a 2002. An raba mutum 185 gida uku: allurar kortizon, kine, da jira. Bayan mako 6, kashi 92 cikin 100 na 'yan allura sun ce sun warke ko sun sami sauƙi sosai, 'yan kine kashi 47, masu jira kashi 32. Da a nan aka tsaya, da babu gardama. Bayan shekara guda sai reshe ya juye da mujiya: 'yan allura suka sauko zuwa kashi 69, 'yan kine suka kai 91, masu jira 83. Tazarar da ke tsakanin kine da jira ba ta kai yadda masu binciken za su iya cewa tabbatacciya ce ba.

Na biyu a Birisben ta Ostareliya, 2006, mutum 198, rabo iri ɗaya. Cikin mutum 65 da aka yi wa allura, 47 sun ji sauƙi sannan ciwon ya dawo musu. Kine na zama takwas ya fi jira a mako na 6, amma a ƙarshen shekara su biyun sun yi kunnen doki. Abin lura shi ne 'yan kine sun fi kowa ƙarancin neman ƙarin magani a tsawon shekarar.

Na uku, a 2013, shi ma daga Ostareliya, ya fi tsauri, domin wasu kortizon aka yi musu, wasu kuma ruwan gishiri kawai, ba tare da sun san wanne ba. Bayan shekara, kashi 83 na 'yan kortizon sun warke, 'yan ruwan gishiri kashi 96. Dawowar ciwo: kashi 54 ga 'yan kortizon, kashi 12 ga 'yan ruwan gishiri. Cikin waɗanda aka yi wa ruwan gishiri, waɗanda aka haɗa musu da kine sun yi gaba a mako na 4, kashi 39, marasa kine kashi 10, amma a nan ma shekara ta daidaita kowa.

Masana suna kawo dalili biyu kan wannan koma-bayan allura. Kortizon yana rage kuzarin ƙwayoyin da ke saƙa sabon zaren jijiya. Sannan da zarar zafi ya ɗauke, mutum yakan koma bakin aiki da ƙarfinsa a kan jijiyar da ba ta warke ba. Ga masu baƙar fata akwai wata illar da ba a cika faɗa ba: wurin allurar kan yi fari, fatar ta yi laushi ta loɓa, wani lokaci tabon ya daɗe. Mai ciwon suga kuma sugansa kan hau na 'yan kwanaki.

Masu kare allura ba su rasa hujja ba. Suna cewa mahaucin da ciwo ya kama saura kwana goma Babbar Sallah, ko telan da ɗinkin mutane ya taru a shagonsa, ba ya da shekara guda da zai jira. Cinikin mako biyun nan ne zai riƙe gida wata uku. Gare shi sauƙin mako shida ba ƙaramin abu ba ne. Masu adawa suna amsawa da cewa bashi ne ake ci daga jijiyar, kuma da ruwa ake biya. Inda akasarin jagororin likitanci suka tsaya yanzu shi ne kada allura ta zama matakin farko, kada a yi ta maimaita ta, kuma a gaya wa mai ciwo alƙaluman nan kafin ya zaɓa.

Sai dai a lura da abu guda game da "jira" a waɗannan gwaje-gwaje. Ba sallamar mutum aka yi hannu rabbana ba. An zaunar da shi an yi masa bayanin ciwon, an nuna masa yadda zai sauya aikin da ke tayar da shi, an ba shi maganin zafi idan ya matsa. Kuma a ƙasashen da ma'aikaci ke da hutun rashin lafiya aka yi su. Jiran mai albashi a Holan da jiran mai sara itace a Gidar ba ɗaya ba ne.

Abin da ke faruwa a ɗakin kine

Kalmar kine ta ƙunshi abubuwa da yawa da ba su kai juna nauyi ba. Akwai na'urori: fitilar gashi mai jan haske, injin da ke tura amon da kunne ba ya ji cikin nama, da wayoyin da ake mannawa a fata su riƙa tsikarinta da lantarki. Suna da daɗi, suna iya kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma shaidar cewa suna gyara jijiya ba ta da ƙarfi. Akwai aikin hannu, kamar murzar jijiya a karkace da aka gada daga likitan Ingila James Cyriax, da dabarar Brian Mulligan na ƙasar Niw Zilan, inda ma'aikacin kine ke tura gwiwar gefe a hankali yayin da mai ciwo ke damƙe abu. Idan ta yi daidai, damƙar kan yi sauƙi nan take. Sannan akwai atisayen ɗora wa jijiya nauyi mataki-mataki. A kansa ne akasarin masana suka fi dogara a daɗaɗɗen ciwo, saboda jijiya da nauyi take saƙa kanta. Hutu zalla yana kwantar da zafi, amma jijiyar da tsokar sai su ƙara rauni, ranar da aka koma aiki ciwo yana nan yana jira.

Tsarin da aka fi bi ba ya buƙatar injin. A ɗauki misalin mahauci ɗan shekara hamsin. Ma'aikaciyar kine za ta zaunar da shi, ya ɗora hannu a kan tebur, tafin yana kallon ƙasa, wuyan hannun ya leƙo daga bakin teburin. Ta miƙa masa robar ruwa mai rabin lita, wato rabin kilo. A makonnin farko riƙewa kawai zai yi ba motsi, daƙiƙa 30 zuwa 45, sau biyar. Da wuya mutumin da ya saba ɗaga cinyar sa bai yi dariya ba. Amsar da irinsa kan samu ita ce: Baba, yi haƙuri da ƙaramar tukuna, gobe da safe hannun zai faɗa mana gaskiya.

Wannan "gobe da safe" shi ne ma'aunin duka shirin. An yarda a ji ɗan zafi lokacin atisaye, wanda za a iya jurewa ba tare da yamutsa fuska ba. Idan kafin wayewar gari ya koma yadda yake, nauyin ya yi daidai. Idan ya kwana ya ƙaru, an yi yawa, sai a rage, ba a daina ba. Daga riƙewa sai a wuce zuwa motsi: a ɗaga wuyan hannun da taimakon ɗaya hannun, a sauke shi shi kaɗai a hankali cikin daƙiƙa uku ko huɗu, sau 10 zuwa 15, zagaye uku, kullum ko bayan kwana ɗaya-ɗaya. Rabin lita ta koma lita ɗaya, ta koma ɗaya da rabi. Daga baya a ƙara juya guduma dama da hagu, da matse tawul, da ƙarfafa kafaɗa, domin kafaɗar da ta gaji kan sauke aikinta a kan gwiwa. Yankin tsohon tif ɗin mashin yana iya maye gurbin robar atisaye da ake sayarwa. Akwai wata sandar roba da ake murɗawa, wadda wani ƙaramin gwaji na mutum 21 a Amurka ya yi wa suna a 2010; inda babu ita, akan naɗe tawul a yi makamancin motsin.

Inda mutane suka fi karaya shi ne tsawon lokaci. Tsoka kan amsa cikin makonni, jijiya kuwa nawa gare ta. Wata uku shi ne mafi ƙarancin abin da ake faɗa, wasu har shida. Zaman kine goma yakan ƙare cikin wata guda. Wanda ya ɗauka a kan gadon asibiti ake warkewa, zai gama zamansa ya ce kine ƙarya ne. Wanda kuma ya yi zama goma a ƙarƙashin fitila, aka sallame shi ba a koya masa abin da zai yi a gida ba, an ba shi ɓangaren da ya fi rauni ne a cikin aikin.

Rabi na biyu na shirin shi ne rage abin da ke cin jijiyar a wurin aiki. Ɗaukar kaya tafi yana kallon sama, gwiwa manne da jiki, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan tafi yana kallon ƙasa. Wuƙa mai kaifi ba ta neman damƙa mai ƙarfi. Ƙotar da aka naɗe da roba ta yi kauri ta fi siririya sauƙin riƙewa. Mai mashin ya sa mai a wayar wuta, ya gyara tsayin hannun birki, ya sassauta riƙo. Akwai kuma ɗamarar da ake ɗaurawa kamar faɗin yatsa biyu ko uku ƙasa da gwiwa lokacin aiki. Wasu tana rage musu zafi, wasu ba ta yi musu komai, gwaji ɗaya ya isa a gane.

Wanzami, mai ɗori da tiren magani

Kafin a kai asibiti, yawanci an biya ta wasu wurare. Mai ɗori gwanin karaya ne da targaɗe, amma a nan babu ƙashin da ya goce, don haka ja da ɗauri mai tsauri ba su da abin gyarawa. Ƙaho da tsaga da lalas suna iya ɗauke hankalin jiki daga zafin na kwanaki, ba sa kaiwa ga jijiyar, kuma askar da ta taɓa jinin wani hanya ce ta ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a arewacin Kamaru da Cadi. Tausa da man zafi ba ta da wata illa idan ba a murje wurin da mugunta ba.

Tiren magani ya fi haɗari. Diklofenak na shafawa yana rage zafi na 'yan makonni ba tare da ya dami ciki ba. Na haɗiya kuwa, idan aka mai da shi abincin kullum, yana cin ciki yana taɓa ƙoda, balle a zafin Maris da Afrilu ga mai aikin ƙarfi da bai sha isasshen ruwa ba. Ƙullin ƙwayoyin "ciwon jiki" da ake sayarwa ba suna kan ƙunshi kortizon. Tramol kuma, wanda ya riga ya zama annoba a tsakanin matasa masu aikin ƙarfi a yankin nan, yana rufe bakin ciwon ne mutum ya ci gaba da cin jijiyarsa, ga kamu da ke biyo baya.

Can sama kuma akwai masu tsada. Allurar da ake haɗawa daga jinin mutum kansa, nazarin Cochrane na 2021 bai ga tana da amfanin a zo a gani ba. Injin bugun jijiya da amo mai ƙarfi sakamakonsa ya rarrabu. Fiɗa ana ajiye ta ne ga 'yan kaɗan da suka haura shekara sun gwada komai, kuma wani ƙaramin gwaji a Ostareliya a 2018 ya tarar waɗanda aka yanka fatarsu kawai aka ɗinke sun sami sauƙi daidai da waɗanda aka yi wa aikin gaske.

Yadda abin ke sauka a kan talaka

Ma'aikatan kine a manyan garuruwa suka taru, kuma layinsu cike yake da masu shanyewar ɓarin jiki, waɗanda suka yi hatsarin mashin, da yara masu naƙasa. Cibiyoyi irin su Betelehem ta Muda kusa da Marwa, ta Kabalaye a Injamena da ta Mundu sun fi shahara ne wajen masu naƙasa da ƙafar roba. Mutumin Mokolo ko Yagwa ko Tibati da aka rubuta wa zama uku a mako, kuɗin mota da asarar wunin kasuwa kan fi kuɗin zaman kansa. Kashin farko na shirin inshorar lafiya ga kowa da Kamaru ta ƙaddamar a 2023 ya fi karkata ga mata masu ciki, yara ƙanana, masu wankin ƙoda da wasu cututtuka irin su tarin fuka, don haka irin wannan ciwo daga aljihu ake biyansa. A Faransa yana cikin jadawali na 57 na cututtukan da aiki ke jawowa, ma'aikaci yana iya neman diyya. A Kamaru da Cadi asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, CNPS, shi ne ke kula da haɗarin aiki, amma mahauci da mai turin ruwa da manomin karal akasarinsu ba su da rajista a cikinsa.

Idan aka ɗora alƙaluman can a kan wannan hali, abin da ke fitowa shi ne tambaya kan yadda ake raba zaman. Tunda abin da kine ya fi bayarwa shi ne saurin samun sauƙi a watannin farko, rage shan ƙwaya, da koyon yadda za a ci gaba da aiki, zama huɗu ko biyar da aka baza cikin wata uku, kowanne don a duba ci gaba a ƙara nauyi, suna iya fi wa mai nisa amfani a kan goma a jere. Wannan magana ce da mai ciwo zai iya tayarwa da ma'aikacin kine tun ranar farko. Masu aikin lokaci kuma suna da damar shiri: manomin muskuwari ya fara ƙarfafa hannu tun cikin damina, tela tun kafin Sha'aban.

Akwai alamomin da ba a jira da su: hannu yana mutuwa ko yatsu suna tsikari, ciwon yana saukowa daga wuya, gwiwar ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, ta ƙi miƙewa ko tana maƙalewa, ciwon ya biyo bayan faɗuwa, ko yaro ne yake kuka da shi. Waɗannan suna nuna wani abin daban, likita ne zai duba.

Waɗanda suka fi shan wuya a ɓoye su ne mata, domin aikinsu ba shi da lokacin hutu: daka, tuƙin tuwo, jan guga, matse wanki, ɗaukar goyo. Shawarar "ki huta da hannun" ba ta da wurin zama a gidan da mutum goma ke jiran abinci. Abin da ke yiwuwa shi ne a kai hatsi injin niƙa na wata biyu ko uku, a raba jarka ɗaya gida biyu, a riƙa tuƙi da hannu biyu ko a karɓa mata idan tuwo ya yi ƙarfi, wanki kuma a sarƙa shi a jikin turke a murɗa da hannu biyu. Kusan duk waɗannan sai da yardar maigida da hannun manyan yara, shi ya sa yake da amfani a shiga ɗakin kine tare da ɗaya daga cikinsu ranar da za a yi bayani.